Kilomita 180 A Kan Sirdin Keke

Tun daga zaɓen 2015 wata al'ada ta shigo ƙasar nan. Da an gama zaɓe sai ka ji wani saurayi ya kama hanya da ƙafa, wani kuwa ya hau keke, wai zai tafi Abuja ko Kano ya yi wa wanda ya ci barka. Waɗansu sukan isa lafiya, a ɗauke su hoto, a ba su 'yar kyauta. Waɗanda suka kwanta a hanya kuwa ba mai jin labarinsu. Iyaye sun sha tambayarmu a wannan fili, suna cewa, “Yaro ya ce zai yi irin wannan tafiya. Mu bar shi, ko mu hana shi?” Mu kuwa ba ma son ba da amsa a kan abin da ba mu ɗanɗana ba. Saboda haka muka nemi ma'aunin da duniya take auna doguwar tafiyar keke ta yini ɗaya da shi, muka gwada shi da ƙafafunmu a ƙasar Rano da Kibiya.

Ma'aunin nan yana cikin wata gasa da ake kira tirayatulon, watau wasa uku a jere ba hutu: iyo, sa'an nan keke, sa'an nan gudu. Ta gasar Olamfik gajeriya ce, an kuwa fara yin ta a Olamfik ɗin shekarar 2000. Doguwar da muke magana a kai ita ce Ironman. An fara ta ran 18 ga Fabrairu, 1978, a tsibirin Owahu na Hawayi, ƙasar Amurka. Wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy, su ne suka haɗa wasanni uku da ake yi dabam dabam a tsibirin, don a raba gardamar ko wa ya fi jimiri tsakanin mai iyo, da mai keke, da mai gudu. Mutum 15 suka tashi, 12 suka gama. Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. Har yau tsawonta bai sake ba: iyo kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42. A nahiyarmu akan yi ta a Afirka ta Kudu, a birnin Gqeberha wanda dā ake kira Port Elizabeth.

Ku duba tsakiyar lissafin nan da kyau, masu karatu. Kilomita 180 ya fi daga Kano zuwa Zariya nisa. Idan mutum ya sauka kuma, ba gida zai tafi ba. Zai kafe keken ya sake takalmi, ya kama gudu kamar daga Kano zuwa Wudil. Fiye da rabin lokacin gasar duka a kan sirdi ake cin sa.

Mu biyar muka shirya, muka yi wata 3 muna koyo, muka zaɓi wata Asabar cikin Janairu. Iyo dai ba mu yi ba. Madatsar ruwan Tiga, wadda aka gama ginawa a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana nan kusa, ruwa kuwa har ya yi yawa. Amma ba mu da jirgin da zai bi mu, ruwan da yake kwance kuma a ƙasar nan ba a raba shi da tsargiya. Kekunanmu biyu na tsere ne masu giya, na gwanjo. Uku kuwa irin na gida ne, Phoenix biyu da wata tsohuwar Raleigh mai burkin ƙarfe wadda ta girmi mai ita. Muka ɗaura waya mai auna nisa a kan keke ɗaya. Shirinmu shi ne mu tashi daga Rano mu taɓo Bunkure mu komo, daga nan mu yi ta kai da kawowa tsakanin Rano da Kibiya har wayar ta cika lissafi. Dalilinmu, kada mu yi nisa da gari, da mai faci, da ruwan sha.

Dokoki biyu na gasar muka ɗauka. Ta fari, ba mai taɓa keke sai ya ɗaure hular kwano. Ta biyu ita ce mai wuya: ba a yarda ka laɓe a bayan wani ba. A Ironman dole ka bar aƙalla mita 12 tsakaninka da na gabanka, in ba wuce shi za ka yi ba. Wanda alƙali ya kama yana laɓewa, sai a tsai da shi na 'yan mintoci a tanti, yana kallo ana wuce shi.

Wanda bai taɓa tsere ba zai ce wannan wace irin doka ce. Dalilinta iska. A kan hanya miƙaƙƙiya, idan keke ya yi sauri, yawancin ƙarfin mutum ba a kan nauyinsa yake tafiya ba, a kan ture iska yake tafiya. Iska kuwa mai tsadar ciniki ce: in kana so ka ninka saurinka sau 2, ƙarfin da za ta karɓa a wurinka zai ninku sau 8. Wanda ya manne a bayan wani yakan tsira da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa, ko fiye. Shi ya sa 'yan tseren keke zalla suke tafiya a dunƙule kamar garken tumaki. A nan kuwa an hana. Kowa da iskarsa.

Muka tashi da ƙarfe 6 da 'yan mintoci, gari bai gama wayewa ba, sanyi yana cizon yatsu. Tafiyar Bunkure daɗi gare ta. Duwatsun Rano suna baya cikin hazo, gonakin rani suna gaba, masu kwandunan tumatir suna fitowa bakin hanya. Ƙafa tana da sauƙi, har mutum ya ga kamar keken ne yake tafiya da kansa. Nan ne tarkon yake. Ƙaramin cikinmu, ɗan shekara 19, wanda ya fi mu duka ƙarfi, yana kan ɗaya daga kekunan tseren. Ya dube mu ya ce, “Yaya, wannan tafiyar hawainiya sai ku.” Ya taka feda ya ɓace. Kafin mu kai Bunkure mun gamu da shi yana komowa, yana ɗaga mana hannu yana dariya.

Wajen ƙarfe 9 iskar hunturu ta farka. Daga arewa maso gabas take busowa, Kibiya kuwa tana gabas da Rano. Saboda haka hanya ɗaya ta zama hanya biyu. In mun nufi Kibiya sai mu ji kamar wani ya dafa mana ƙirji, mu sunkuya, wayar tana nuna kilomita 14 ko 15 a awa. In mun juyo Rano sai ta tura mu kamar an ɗaura mana inji. Kada ku ce ai riba ta biya hasara. Ba ta biya ba, gama lokacin da mutum yake ci yana fama da iska ya fi wanda yake ci tana tura shi. Ga kuma ƙura. Leɓe ya tsage, hanci ya bushe. Abin da ya fi haɗari, zufa tana fita amma ba a ganin ta, busasshiyar iska tana lashe ta nan take. Sai da muka ga farin gishiri ya kwanta a wuyan rigunanmu muka gane yawan ruwan da yake tafiya.

A sawu na biyu muka cim ma wani dattijo yana tuƙa keke, ya ɗaure buhun hatsi a kariya, goran fura yana lilo a gaba. Ba sauri yake yi ba, amma ƙafarsa ba ta tsayawa. Da ya ga mun wuce shi sau biyu, sai ya tsai da mu.

“Samari, lafiya? Ɓata kuka yi?”

“A'a, Baba, tsawon hanya muke aunawa.”

Muka gaya masa lissafin. Ya yi shiru, sa'an nan ya tambayi abu ɗaya tak: “Me kuka ci?” Muka buɗe masa jakunkunanmu. Ya gyaɗa kai. Ya ce tun yana saurayi yake cin kasuwannin ƙasar nan a kan keke, bai kuwa taɓa jiran yunwa ta kama shi a hanya ba. Kowace inuwa mai kyau yakan kurɓi fura kaɗan ya wuce. Ya nuna hanyar da ƙaraminmu ya bi, ya ce, “Wancan yaron naku mai jan kwano, ku bi shi da ruwa.”

Abin da Baba ya sani da ƙwarewa, likitocin wasanni sun auna shi. Jiki yana da rumbu biyu. Ɗaya kitse ne, mai yawa, amma a hankali yake ba da ƙarfi. Ɗayan kuwa sukari ne da aka adana a tsoka da hanta. Shi ne mai ba da ƙarfi da sauri, amma ɗan ƙarami ne, in ana aiki mai tsanani bai cika wuce awa ɗaya da rabi zuwa 2 ba. Wanda ya tafi a hankali yana ɗiban rumbu biyun tare. Wanda ya yi wuta tun da safe, ƙaramin rumbun kaɗai yake kwasa. Shi ya sa ake ba 'yan doguwar gasa shawara su ci giram 60 zuwa 90 na abinci mai sukari ko sitaci kowace awa suna kan keke. Turawa suna sayen nasu a 'yan ledoji masu tsada. Mu kuwa dabino 10 zuwa 12 sun kai wajen giram 60. Ga mazarƙwaila, ga ayaba, ga dafaffen dankali. Abin da ciki ba ya so a kan sirdi shi ne mai da nama. Ƙosai da tsire su jira sai dare.

Ruwa ma haka. Mai tuƙi cikin zafi yakan zubar da lita guda na zufa a awa, wani ma fiye, gishiri kuma yana tafiya tare da ita. Wanda ya yi ta ɗura ruwa zalla ba gishiri yini guda, yana iya tsinka gishirin jininsa har ya rikice, wannan ma yana kisa. Mu abin da uwaye suka riga suka sani muka yi amfani da shi, watau ruwan gishiri da sukari na mai zawo: ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita guda ta ruwa mai tsabta. Gora ɗaya ta wannan, gora ɗaya ta ruwa zalla. A gasar farko ta 1978, John Dunbar ne yake gaba a wajen gudu, sai ruwa ya ƙare wa masu taimakonsa suka miƙa masa barasa. Na biyu ya zo.

Wajen kilomita 110, rana ta take tsaka, muka hangi jan kwano a gindin wata tsamiya. Ƙaraminmu ne zaune, keke a yashe. Hannunsa yana rawa, zufa mai sanyi ta keto masa, idonsa ya yi zuru zuru. Dabinonsa yana nan cikin aljihu, ko guda biyar bai ci ba. Ya ce, “Yaya, ƙafata ba tawa ba ce.” Ya ce ba ciwo ya ji ba, haka kawai ya ji kamar an zare masa wani abu, feda ta yi nauyi, hanya ta fara rawa. Muka yi masa 'yan tambayoyi, ya faɗi sunansa da inda yake daidai, hankalinmu ya ɗan kwanta. Muka ba shi ruwan gishiri da sukari kurɓi kurɓi, da mazarƙwaila. Bayan minti 20 fuskarsa ta komo, har ya ce zai hau. Babban cikinmu ya ce, “Ƙane, na yau ya ƙare.” Aka sa shi a mota da kekensa zuwa Rano. Ya yi fushi, har bai yi mana magana ba sai washegari.

Kada wani ya ce wannan rashin sani ne na ɗan ƙauye. A gasar duniya ta Ironman da aka yi a Kona, can Hawayi, a 2024, Sam Laidlow na Faransa ya tuƙa kilomita 180 ɗin nan ƙasa da awa 4, abin da ba wanda ya taɓa yi a wannan fage. Ya sauka yana gaba da kowa. A wajen gudu ƙarfinsa ya ƙare, aka yi ta wuce shi, ko cikin goman farko bai shiga ba. Patrick Lange na Jamus, wanda ya sauka daga keke yana baya da mintoci da dama, shi ya ci, cikin awa 7 da minti 35.

Daga kilomita 120 zuwa 150 ba mu da labari mai yawa, gama ba mai magana. Ƙafa ba ita ce ta fi damunmu ba. Wuya ne, da tafin hannu, da mazaunai. Tsidau ya huda tayar Phoenix ɗaya. A gasa ba a yarda ɗan'uwa ko aboki ya kawo maka gudunmawa ba, saboda haka mai keken ya zauna ya ciro tif, ya goge, ya shafa sholisho, ya yi facinsa, mu muna ci gaba. Na biyu da ya bari gwiwa ce ta tsai da shi. Keken aro ya hau, sirdin ya yi masa ƙasa ƙwarai. A tafiyar kasuwa wannan ba kome ba ne, amma wanda zai juya feda sau dubbai, kuskuren yatsa biyu ya isa ya kumbura masa gwiwa. Ma'aunin mai sauƙi ne: ka zauna a sirdi, ka ɗora diddige a feda tana ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ka karkace ba.

Wani mai shayi a bakin hanya a Kibiya ya ɗauki abin kamar nasa. Kowane sawu muka zo yakan jefa ɓawon gyaɗa ɗaya cikin kofi, ya yi mana kirari. Yara suna bin mu da gudu suna ihu. Mu dai ba mu taɓa sanin muryar mutum tana da amfani haka ba, sai da muka ga muna ƙirga bishiyoyin da suka rage kafin mu ji tasa.

Da la'asar iska ta kwanta, ƙafa ta ɗan farfaɗo. Wayar ta nuna 180 muna dab da shiga Rano, rana ta yi ja, awa 10 da 'yan mintoci bayan tashinmu. Mu uku muka gama: keken tsere ɗaya, Phoenix mai faci, da tsohuwar Raleigh. Da a gasar gaske ne, da an ɗauke mu a mota tun tuni. A can akan ba mutum awa 17 ya gama duka, amma dole ya sauka daga keke kafin awa 10 da rabi daga fara iyo. Wanda iyo ya ci masa awa 2 da minti 20, abin da ya rage masa awa 8 ne da minti 10, watau kilomita 22 kowace awa, har da tsayawa da faci. Namu bai kai 18 ba.

Sai muka kafe kekuna muka ce bari mu ɗanɗana gudun. Kai! Ƙafa ta yini tana zagaye, ta manta miƙewa. Cinya ta yi tauri kamar taɓarya, mutum yana tafiya kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Mai keken tsere ya tsaya bayan 'yan taku ɗari. Mai Raleigh, wanda duk yini shi ne na baya, wanda kuma ya fi kowa cin dabino, shi ne ya yi kusan kilomita 2 kafin ya zauna a bakin hanya yana dariya. Saura 40.

To, iyaye, ga amsarmu. Ba mu ce a hana ba, gama keke abin kirki ne ga jiki, saurayin da yake son wahalar da kansa a kan hanya kuwa ya fi wanda yake zaman kashe wando. Amma ƙarfinsa ba shi ne abin tambaya ba. Ku tambaye shi kilomita nawa ya taɓa yi a yini ɗaya, ya kuma tashi washegari ya sake hawa. In bai yi watanni yana ƙara nisa kaɗan kaɗan ba, bai shirya ba. Ku tambaye shi me zai ci kowace awa, ina zai sami ruwa, wa zai bi shi. Ku duba burki da sirdi da hular kwano da idonku. Kada ya yi tafiyar dare, gama direban babbar mota ba ya ganin mai keke cikin duhu. Wanda yake da ciwon sikila, ko na zuciya, ko na sukari, ko farfaɗiya, sai likita ya gan shi tukuna.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne. Mu cikin sanyin Janairu muka yi, duk da haka biyu suka bari. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Kano yakan haura digiri 40, a irin wannan rana ba yunwa kaɗai take ka da mai keke ba. Bambancin yana da muhimmanci. Wanda sukarinsa ya ƙare yakan san inda yake, in ya ci abu mai zaƙi ya farfaɗo. Wanda zafi ya buge kuwa jikinsa yakan yi zafi rau, ya rikice, maganarsa ta harɗe, ya yi tangaɗi ko ya suma. Wannan ba a jira da shi. A kai shi inuwa, a cire masa kwano da riga, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, a nemi mota zuwa asibiti ana ci gaba da jiƙa shi a hanya. In ya suma, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa kome a baki.